Motar da Za Ta Kai Inna Gida

Inna ba ta taɓa kiran Abidjan gida ba. A nan ta haife mu duka, a nan aka binne Baba, a tsakar gidanmu na Belleville gashinta ya yi fari, amma in ka ji ta ce "gida", to Funtua take nufi. Tana amarya ta zo, bayan Baba ya kafu a cinikin goro a Adjamé, ta baro ƙanwarta ɗaya tilo wadda ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Inna Ƙarama muke ce mata, ko da yake ni sau ɗaya na taɓa ganinta ido da ido, tun ina ɗan firamare.

Shekarar da ɓarin jikin Inna Ƙarama ya shanye, kullum da hantsi sai 'ya'yanta sun kira Inna ta bidiyo. Inna ba ta iya riƙe waya ba. Sai ta manna ta a hancinta, su can ba sa ganin komai sai goshinta, ita kuma tana ta faɗin "Sannu, sannu, ina jin ki," alhali bakin ƙanwar tata ya karkace, maganar ba ta fita. Wata rana da aka kashe wayar sai ta miƙo mini ita kamar wadda ta gama da ita.

"Wannan abin ba shi da hannu," in ji ta. "Ni so nake in shafa mata mai a ƙafa."

Jirgi dai likita ya hana ta tun da ta suma a hanyar dawowa daga Hajji. Bas kuwa, ƙafafunta kumbura suke ko daga nan zuwa Adjamé, ga ciwon suga da ke sa ta neman bayan gida a kai a kai. Abin da ya rage shi ne mota ta kanmu, ta kwanta a kujerar baya, mu bi ta Gana da Togo da Benin, inda ta gaji mu tsaya mu kwana. Ni ma'aikacin ofishin fiton kaya ne a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville. Ina da lasin tun ina saurayi amma ban taɓa mallakar ko taya ba, tasi da gbaka, ƙananan bas ɗin nan namu, su suka san ni. Na ce mata, "Inna, ni zan kai ki da hannuna."

Magana ba ta kwana a tsakaninmu Hausawan Abidjan. Ba a jima ba wani aminin Baba ya aiko in zo in ga motarsa da zai sayar mini. Dattijo ne, sahu ɗaya suka yi ta sallah da Baba a masallacin da ke bayan Adjamé Mairie, kuma shi ya karɓa mini aure. Na tarar da motar a gindin mangwaro, shuɗiya, ƙirar Faransa mai dogon baya, an wanke ta tana sheƙi.

A wajenmu, idan babba ya sayar maka da abu, ba a bincike. Ka ɗaga murfin inji a gabansa, ka ce masa maƙaryaci ke nan, kuma kafin la'asar labari ya kai Treichville cewa ɗan wane ya yi boko ya zubar da kunya. Da wani baƙo ne zai sayar mini, wallahi da bakanike biyu zan zo, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Amma nan sai na zagaya ta sau ɗaya, hannuwana a baya, kamar mai duba mara lafiya.

"Ɗana, mota ce mai albarka," in ji shi. "Ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba."

Aka shafa fatiha, ya miƙo mini makulli.

Ranar da na shigo da ita layinmu, Inna da kanta ta fito da sandarta. Ta shafa ƙofar, ta yi bismilla, ta shiga baya ta miƙe ƙafafu don ta gwada ko za ta ishe ta. Ta ishe ta. Tun daga ranar ta fara haɗa tsaraba: atamfofi, goro, busasshen acheke, wato garin rogon nan da ake turarawa, sabulu, da wani man zafi da ta yi imani babu irinsa a Nijeriya. Ta ɗaure jakar ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, duk mai shiga sai ya tsallake ta.

Ran Lahadi na ce bari in ɗan gwada motar a kan hanyar Bassam, tunda ta nan za mu fita. Ban ma yi nisa ba. Daidai tashar Gare de Bassam wata gbaka ta tsaya a gabana ba sigina, yadda suka saba. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka tuwo. Na sake takawa, na sake, sannan ta kama, ta tsaya saura ƙiris in shiga bayan gbakar. Kwandasta ya zage ni da Nushi, yaren titi, zagin da ban gama fahimta ba. Abin da kawai nake gani a raina shi ne Inna a kwance a kujerar baya.

Washegari na lallaɓa da motar zuwa wani gareji a Adjamé, kusa da kasuwar tsofaffin kayan mota. Bakaniken Bajula ne, wato ɗan ƙabilar Jula, mai tumbi da yawan dariya, ya daɗe cikin Hausawa har yana jin Hausa, sai dai yana cakuɗa ta da Faransanci. Ya shiga ƙarƙashi, na ji shiru, can sai na ji dariya tana fitowa daga ƙasan motar.

"Patron, viens voir. Maigida, zo ka ga ikon Allah."

Na durƙusa da wandon ofis. Ya haska mini tiyon da ke kai mai ga birkin tayar baya. An yanke shi, an cusa ƙusa a bakin, an daka shi da guduma. Wato wani bawan Allah ya ga tiyon yana yoyo, maimakon ya canza shi, sai ya kashe birkin wannan tayar gaba ɗaya. Ɗaya gefen kuma an naɗe shi da tsinken robar tub, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan keke.

Na ce a canza duka, sabo. Ya ce sati ɗaya.

Daga nan motar ta fara tona asirin kanta. Duk abin da aka kwance don a kai ga wani, sai a tarar shi ma ba lafiya. An sauke salansa, aka ga gwangwanin tumatir ne aka fasa aka shimfiɗa a kan ramin, aka ɗaure da wayar shanya, har hoton tumatirin bai gama ƙonewa ba. Tankin mai an toshe shi da sabulu. A wajen fis babu fis, takardar azurfa ce ta kwalin sigari aka murɗe aka cusa. Da aka buɗe lagireto, abin da ya fito ba ruwa ba ne, wani kunu ne mai warin garin taba, wai shi ke toshe yoyo. Fitilar da ke gargaɗi idan mai ya yi ƙasa a inji kuwa, ba ta taɓa damun kowa ba, domin an cire mata ƙwai. Ranar da aka ɗaga kafet ɗin baya, inda ƙafafun Inna za su sauka, sai ga allon wani gidan abinci an yanke shi daidai ramin da tsatsa ta ci. Ana iya karanta rabin rubutun, gasasshen kifi da acheke.

Tun ina ƙirga su har na daina. Na fara gane masu aikin kamar yadda ake gane rubutun mutum. Akwai mai waya, shi komai ɗaurewa yake. Akwai mai sabulu. Akwai mashayin sigarin nan, wanda na fi tsana, don shi ya taɓa wutar motar ko'ina. Akwai kuma wani mai ɗan guntun imani, shi in ya ɗaure abu sai ya ninka wayar biyu, kamar yana neman gafara. Ban san fuskar ko ɗayansu ba, amma na yi ta faɗa da su a raina, a gbaka, a ofis, har a kan sallaya. Ina cewa, ku ba ku da uwaye ne? Kowannensu ya ga ciwon, ya rufe shi da abin da ke hannunsa, ya ce Allah ya kai damuwar kan na gaba. Na gaban kuwa ni ne, da tsohuwata.

Bakaniken shi abin ma nishaɗi yake ba shi. Yana jera abubuwan da ya ciro a kan wani benci, duk wanda ya shigo garejin sai ya nuna masa.

"Patron, kai ma ka cika zafi," in ji shi wata rana. "Abidjan nan, rabin motocin da kake gani waya ce ta riƙe su, sauran rabin addu'a. Laisse-moi, bari in lallaɓa maka ita, jibi ka kama hanya. Ça va aller, komai zai tafi daidai."

"Lallaɓawar ce ta kawo ta nan," na ce masa. "Uwata zan ɗauka, ba buhun doya ba. Duk abin da ka taɓa ka sa na gaske."

Ya ɗaga kafaɗa. Na gaske kuwa ba ya samuwa da sauƙi, don motar ta tsufa, an daina shigo da kayanta. Kullum na tashi daga aiki sai in tsallaka gada zuwa Adjamé, in bi rumfa rumfa a cikin taɓo da baƙin mai, riƙe da wani mataccen ƙarfe ina tambaya ko akwai irinsa. Wannan ya ce gobe, wancan ya ce kwantena tana hanya. Damina ta sauka, garejin ya cika da ruwa, aiki ya tsaya. Da a ce tun farko an gaya mini abin zai kai wata da watanni, da na nemi wata dabara. Amma kullum abu ɗaya ne ya rage. Kullum.

In na dawo gida, Inna tana zaune a kan tabarmarta tana jan carbi.

"Ya motar?"

"Saura kaɗan, Inna."

Ban taɓa gaya mata abin da ake samu ba. Ban ga amfanin tayar mata da hankali ba, kuma motar daga hannun aminin mijinta ta fito. Ita kuma ba ta taɓa matsa mini ba. Sai dai da hantsi in an kira daga Funtua in ji ta tana cewa, "Ina nan tafe. Yaron yana ɗan gyaran mota ne. Ki jira ni." Wannan "ki jira ni" ɗin yana bi na har ofis.

Ranar da haƙurina ya ƙare, na ɗauki ƙusar nan daga kan bencin bakanike na sa a aljihu, na nufi gidan dattijon. A hanya na shirya maganata tsaf, har da inda zan ɗaga murya. Na tarar da shi a kan buzu, ya rame, yana tari. Ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi mai jiki ta Funtua, ya ce kullum yana sa su a addu'a. Duk abin da na shirya ya narke. Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, "Baba, ni kam motar nan, a wajen wa ka same ta?"

Ya ambaci wani Alhaji na masallacinsu da ya riga mu gidan gaskiya, wanda shi ma a wajen surukinsa ya karɓa.

"Mutumin kirki," in ji shi. "Ai ko dubawa ban yi ba. Ina zan duba kayan Alhaji?"

Ashe shi ma fatiha ya shafa ya karɓi makulli. Duk tafiyarsa da ita daga gida zuwa masallaci ne, daga masallaci zuwa rumfar goro, cikin cunkoson Adjamé inda ba a wuce giya ta biyu. In ta yi tari direbansa ya kai ta wani lungu a lallaɓa. Bai yi mini ƙarya ba, ba ta taɓa kwanar da shi a hanya ba, domin bai taɓa hawa hanya da ita ba. Na shanye shayina na yi godiya na fito. Haushin da na zo da shi yana nan, sai dai babu wanda zan sauke wa.

A ƙarshe dai inji ya tashi lafiya, birki ya kama, wuta ta daidaita. Na karɓi hutu a ofis, na yi mana takardun tsallake iyaka, na ce wa Inna bayan Juma'a za mu tafi. Ta kira Funtua da kanta ta faɗa. Na ji 'ya'yan suna ta murna, na ji wani sauti daga bakin Inna Ƙarama da aka ce dariya ce.

Ana jibi tafiya bakanike ya ce a wanke ƙasan motar da ruwan matsi kafin ya sa giris. Ina tsaye. Ruwan ya bugi shasi, ƙashin bayan motar, kusa da inda tayar gaba take, sai wani baƙin ɓawo ya ɓantare ya faɗo. Kwalta ce. A ƙarƙashinta akwai abin cike ramin jikin mota da ake shafawa kafin fenti, a ƙarƙashin wannan kuma tsagewa ce, doguwa, hannuna yana shiga. An ɗora mata guntun ƙarfen gado, an ɗiga walda nan da can, an shafe da baƙi don kada ido ya gani.

Wannan karon bakaniken bai yi dariya ba. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsansa.

"Zan iya ɗinke ta," in ji shi. "In sa ƙarfe mai kauri ciki da waje. Gobe da yamma ka ɗauka."

"Za ta kai Funtua?"

"Allah ne ya san wannan, patron. Mais moi, ni dai da uwata ce, da na tafi."

Na tuna ramukan hanya, na tuna manyan motocin da ke kwana a kan titin bakin teku, na ga a raina tayar gaba ta fice muna cikin gudu. Na ce a'a. Na ce a nemo mota irinta da ta mutu, a yanko wannan sashen lafiyayye a dasa. Ban zo nan don in zama ɗaya daga cikinsu ba, masu rufe ciwo da kwalta.

Da na koma gida na ce wa Inna an ɗan ɗaga tafiyar. Ta dube ni, ta ce, "To." Na shiga neman motar haya. Direbobi biyu suka ƙi, wai iyaka huɗu da tsohuwa mara lafiya ba za su iya ba. Na uku ya yarda, amma sai ya dawo daga wata tafiya arewa.

Bai dawo ba har aka kira daga Funtua. Ina cikin kasuwar kayan mota, ana nuna mini wata gawar mota da aka ce irin tawa ce, matata ta bugo ta ce in zo gida. Tun daga bakin layi na ji salati, na san Inna Ƙarama ta cika. Inna tana zaune a inda take zama, wayar a cinyarta, mata sun kewaye ta. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hannunta kawai take murzawa a kan gwiwarta, tana murzawa, tana cewa, "Ni na goya ta. Ni na goya ta." Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da Baba ya rasu, domin shi Baba muna riƙe da hannunsa.

Aka yi zaman makoki a tsakar gidanmu, Hausawan Treichville da na Adjamé suka yi ta zuwa. Aikin mota kuma bai tsaya ba, tunda an riga an samo motar da za a yanko ƙarfen. Bayan sadakar arba'in bakaniken ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gida. Ya cire hularsa ya durƙusa a gaban Inna ya ce, "Yako, Maman," yadda ake jaje a nan. Ya ba ni makulli ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Motar ta gyaru, gyara na gaske. Babu waya, babu sabulu, babu gwangwani. In ka tayar da ita sai ka kasa kunne kafin ka ji injin. Na buɗe ƙofar gida sosai don Inna ta hango ta daga tabarmarta, na zauna a gefenta.

"Inna, ga ta nan. Yanzu ko ina za ta je. Mu shirya ki je ki yi wa yaran gaisuwa."

Ta daɗe tana kallonta.

"Ta yi kyau," in ji ta. "Allah ya sa albarka. Ka riƙa kai yara makaranta."

"Inna..."

"Me ya same ta ne, duk watannin nan?"

Sai na gaya mata. Na faɗi ƙusar birki, na faɗi allon gidan abinci, na faɗi tsagewar da aka rufe da kwalta. Na gaya mata bakanike ya ce zai iya ɗinkewa mu tafi, ni na hana. Tana saurare tana jan carbinta a hankali, har na gama.

"Da ka ɗauke ni a yadda take," in ji ta. "Ko a Gana ta mutu mana, da an ce mata Yaya tana hanya. Ta tafi tana jin ina zaune a Abidjan."

"Tsoro na ji, Inna. Tsoro na ji kada in kashe ki a hanya."

"Na sani, ɗan nan. Na san don ni ka yi." Ta ɗora hannunta a kaina kamar ina yaro. "Ni ba na jin wannan tsoron. Ba ka dai tambaye ni ba."

Aka kira la'asar a masallacin layinmu. Ta ce in miƙo mata buta.